Jegon Kwana Tara na Ikilima Mai Ƙuli

Akwai wata mata a garin Roni mai suna Ikilima. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba zan rage mata komai ba, ta iya. Ƙulinta ba ya ɗaci, ba ya karya haƙori, man nata kuwa garau yake. Daga Kazaure ake aikowa a saya. Wani ɗan kasuwa a Babura, Alhaji Ɗayyabu, duk mako yake turo mota a ɗaukar masa jarkoki, ya sayar wa mutanen Nijar da ke tsallakowa cin kasuwa.

Matsalar Ikilima ɗaya ce, ba ta san zama ba.

Da an idar da sallar asuba take hura wuta. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta aika inji. A dawo da markaɗe ta zauna gaban turmi tana juyawa da ruwan zafi har mai ya taso. Ta kwashe, ta mulmula tunkuza, ta koma bakin kasko. A tsaye take cin abinci. Sallarta ma, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ta sauri ce, tana ruku'u kunnenta na wajen kasko kada ƙuli ya ƙone.

Abin da ya fi ba ni haushi a halinta shi ne alfahari take yi da hakan. Idan ta shiga gida ta tarar da mace ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ta taɓe baki ta ce, "Ku dai kun ji daɗi. Ni rabona da barcin rana tun ina budurwa."

Mijinta Malam Lawal ɗan acaba ne tsakanin Roni da Kazaure, mutum mai sanyin hali. Ya yi magana har ya gaji, ya koma yi mata addu'a.

To, a unguwarsu mata biyar ne ke wannan sana'a, kuma suna da wata al'ada da suka gada. Idan ɗaya ta haihu, sauran sai su raba aikinta a tsakaninsu har ta yi arba'in. Su soya mata, su matse mata, su kai wa masu sayenta da sunanta. Ranar da ta gama jego su miƙa mata kasuwarta yadda ta bari. Ikilima ta sha yi wa wasu, ba ta taɓa ƙi ba. Karɓa ce ba ta iya ba.

Haihuwarta ta uku ta zo daidai lokacin da sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa, aiki ya yi yawa. Ta haifi mace, aka sa mata suna Bahijja. Kakar Ikilima, Hajja Kaka, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta taso daga Gwiwa ta zo yi mata wanka.

Washegarin suna da hantsi sai ga Shatu ta yi sallama. Shatu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma ita ce ƙarama a cikin matan biyar. A ruga ta taso, aure ya kawo ta gari, shekara uku ke nan da ta koyi sana'ar. Tana goye da ɗanta ɗan wata huɗu.

Bayan sun gaisa ta ce, "Yaya Ikilima, sauran matan sana'armu ne suka aiko ni. Sun ce a ba mu buhunan nan, mu fara na mutumin Babura yau, tunda jibi motarsa za ta zo."

Ikilima ta dube ta sama da ƙasa.

"Ki ce musu na gode. Zan yi da kaina."

"Yau kwananki takwas fa, Yaya."

"Na iya lissafi. Alhaji Ɗayyabu ya san hannuna. Da ya buɗe jarka ya shinshina zai gane ba ni ba ce, ya koma wani wuri. Shekara shida ina gina wannan kasuwa. Balle ke, Shatu, da kika taso a bayan shanu, yaushe kika san gyaɗa da har zan danƙa miki?"

Shatu ta sunkuyar da kai, ta gyara goyonta. Ta ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Yaya. Allah Ya raya Bahijja." Ta fita.

Hajja Kaka tana zaune a kan tabarma tana jin komai. Sai da Shatu ta fita sannan ta ce, "Ƙawata, wannan magana ba ta yi kyau ba. Kuma arba'in ɗin nan ba don kwalliya aka ajiye ta ba. Jikin da ya haihu a buɗe yake, sai an bar shi ya rufe."

"Kaka, zamaninku daban. Ku ba ku da mota da ke jiran ku."

"Muna da gona da ke jiran mu. Ta jira kuma."

Rana ta tara Ikilima ta ɗaura zani ta hura wuta.

Jama'a, kada ku ɗauka ba ta son 'yarta. Tana son ta matuƙa. Ita dai gani take komai zai yiwu a lokaci guda, domin bisa ga saninta ba ta taɓa gazawa ba.

Bahijja ta yi kuka, Hajja Kaka ta kira daga ɗaki, "Zo ki ba ta." Ikilima ta amsa daga bakin kasko, "Bari in kwashe wannan." Ta kwashe wannan, ga wancan ya soma ja. Kafin ta zo yarinya ta gaji ta yi barci. In ta zo ɗin ma a gurguje take ba ta, ta cire ta tun ba ta saki ba, domin ta jiyo ƙauri.

Kunun da Hajja Kaka ke dama mata sai ya huce a kwano, ƙuda ya bi ta kai. Yini take gaban wuta, gumi na zuba, ba ta tuna shan ruwa. Malam Lawal ya sayo ƙafar saniya aka yi mata farfesu, ta ci loma uku a tsaye ta ajiye.

Ya kira ta da sunan 'yarsu ta fari, ya ce, "Maman Ummi, don Allah ki bar aikin nan ko mako biyu ne. Abin da nake samowa zai ishe mu."

Ta ce, "Malam, kai ka taɓa ajiye babur ɗinka mako biyu?"

Ya miƙe ya fita. Ya san ba zai ci nasara ba.

Motar Babura ta zo sau biyu, ta tafi cike. Ikilima ta rame, idanunta sun faɗa, amma ranta fari ƙal. Sai kuma kukan Bahijja ya soma raguwa. Da tana tsala shi har a ji a maƙwabta, yanzu sai ɗan ƙaramin sauti, ta yi shiru.

Ikilima ta ce, "Kin gani ko, Kaka? Ta saba. Yarinyar nan mai haƙuri ce."

Wannan magana ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk labarin.

Ranar da Bahijja ta cika kwana ashirin da uku, wajen ƙarfe goma na safe, Hajja Kaka ta fito tsakar gida da jaririyar a hannu. Ba ta kira ta ƙawata ba.

"Ikilima, sauke kaskon nan."

"Saura kaɗan, Kaka."

"Na ce ki sauke. Tun jiya da rana ban wanke tsumman fitsari ko ɗaya ba. Taɓa tsakiyar kanta ki ji."

Ikilima ta goge hannu ta taɓa. Maɗigar yarinya ta lotsa ciki. Leɓɓanta sun bushe, idonta a lumshe, jikinta sakwaf. Ta zauna a nan ƙasa ta sa mata nono, Bahijja ta ɗan motsa baki ta saki. Ikilima ta matsa da hannunta. Ɗigo biyu ne suka fito, shi ke nan.

Ta miƙe da sauri za ta ɗauko mayafi, sai tsakar gidan ta juya mata, ta dafa bango ta sulale.

Ihun Hajja Kaka ne ya shigo da Shatu. Ita ta kashe wutar, ita ta kira Malam Lawal a waya, ita ta nemo motar da ta kai su asibiti a Kazaure.

Aka sa wa Bahijja ƙarin ruwa. Aka auna Ikilima aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, ita ma aka ba ta gado. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Baiwar Allah, sau nawa yarinyar nan take kama nono a yini?"

Ikilima ta soma lissafi a ranta. Da jarka aka tambaye ta, da ta faɗi adadin da ta cika a kowace rana tun daga ranar tara, ba kuskure. Wannan kuwa ba ta sani ba.

Matar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Nono ba famfo ba ne da za ki buɗe lokacin da kika ga dama. In ba a tsotsa ba, in uwa ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta kwanta ba, janyewa yake yi. Naki zai iya dawowa in Allah Ya so, amma zai ɗauki kwanaki. Ita kuma yarinya ba za ta iya jiran kwanaki ba."

Aka gwada madarar gwangwani. Bahijja ta sha kaɗan ta amayar. Aka sake gwadawa da azahar, ta sake amayarwa.

Shatu tana tsaye a bakin ƙofa da kular abinci a hannu, ɗanta a baya. Ta ajiye kular. Can ta matso kusa da Hajja Kaka, ta yi magana a hankali.

"Kaka, ni ina da shi, har zuba yake yi. In Yaya ta yarda, in Malam ya yarda. Maigidana ma na kira shi, ya ce in yi."

Malam Lawal ya ce, "Na yarda, Allah Ya saka miki." Kowa ya juya yana duban Ikilima. Ita kuwa ta kasa duban Shatu. Ta gyaɗa kai kawai, ta juya fuskarta bango.

Aka duba lafiyar Shatu aka ga ba matsala. Ta kwance goyonta ta miƙa wa Hajja Kaka, ta karɓi Bahijja ta yi bismilla. Da farko shiru. Sai kuma aka soma jin haɗiya, ƙut, ƙut, a hankali. Ikilima tana jin wannan sauti daga inda take kwance, hawaye na gangara mata cikin kunne. Daɗi da kunya suka haɗu mata wuri guda, ta rasa wanda ya fi yawa.

Kwana biyar suka yi aka sallame su. Umarnin da aka ba Ikilima gajere ne: ta ci, ta sha, ta kwanta, ta riƙa sa yarinya a ƙirji ko akwai ko babu.

Da suka dawo gida ta tarar da murhu a share. Ba kasko, ba turmi, ba buhu ko ɗaya. Hajja Kaka ta sa an kwashe komai an kai gidan Shatu, inda matan huɗu suka raba aikin.

"Arba'in ɗinki yau ta fara," in ji tsohuwar. "Waccan ba ta shiga lissafi ba."

Wanda bai taɓa zama ba bai san zama ma aiki ba ne. Kwana ukun farko Ikilima azaba ta sha. Ta kwanta ta tashi, ta tashi ta kwanta. Tana jin daka ta bayan katanga, tana cewa a ranta ruwan ya yi yawa, wutar ta yi ƙarfi. Hannunta har motsi yake yi shi kaɗai kamar tana mulmula. Duk lokacin da ta nufi ƙofa sai ta tarar da Hajja Kaka zaune a bakin zaure da carbi, ta ɗago kai ta dube ta. Sai ta koma.

Rana ta huɗu bayan azahar ta shanye kunu kwano guda, ta kwanta da Bahijja a ƙirjinta, da niyyar ta ɗan rufe ido. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ta. Ta zauna tana dube-dube kamar baƙuwa. Ciwon kan da ta shekara tana yawo da shi, har ta ɗauka haka kowa yake, babu shi.

Ta yi alwala ta yi salla. Da ta yi sujada ba abin da ke kan wuta, ba wanda ke jiran ta. Ta daɗe goshinta a ƙasa. Daga baya ta gaya wa kakarta cewa ta manta rabon da ta san abin da take karantawa a salla.

Sati biyu da dawowarsu wayarta ta yi ƙara. Alhaji Ɗayyabu ne. Ta ce a ranta shi ke nan, ya gane.

"Hajiya, ina yini? Kira na yi in yi miki godiya. Man wannan makon ya yi kyau ƙwarai, mutanen Nijar har rububinsa suke yi. Sai kuma direba yake gaya mini wai haihuwa kika yi har kun kwanta asibiti. Wallahi ban sani ba. Allah Ya raya, Ya ƙara sauƙi."

Ta amsa da amin, ta ajiye wayar, ta yi tagumi. Saboda kada mutumin nan ya gane canjin hannu ta kusa rasa 'yarta, ga shi bai ma san ta daina ba.

Hajja Kaka ta dube ta ta ce, "Ya shinshina?"

Ikilima ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

A hankali jikinta ya dawo. Fuskarta ta ciko, jiri ya daina. Wata safiya ta tashi ta ga gaban rigarta a jiƙe. Nono ya dawo.

Amma jarrabawar ba ta ƙare ba. Bahijja ta saba da Shatu, wadda ke shigowa sau shida, sau bakwai a yini tana shayar da ita. Idan uwarta ta sa mata, sai ta ɗan kama ta saki, ta kau da kai tana kuka. Da ta ji muryar Shatu a tsakar gida sai ta yi tsit tana waige. Kwana uku ana haka. Ikilima ta ce ba ta taɓa jin ciwo irin wannan ba, ko na naƙuda.

Shatu ce ta kawo shawara.

"Yaya, gobe ba zan shigo da safe ba. In ta ji yunwa ba ta gan ni ba, za ta kama. Mu ma haka muke yi wa maraƙi in ya saba da wata saniya."

Da can, da Ikilima ta ji an kwatanta 'yarta da maraƙi, da unguwa ba ta zaunu ba. Ranar cewa ta yi, "To, Shatu. Ke kika sani."

Gari ya waye, Bahijja ta tashi da kuka. Uwarta ta sa mata, ta ƙi. Ta jijjiga ta, ta sake sa mata, ta ƙi. Rana ta fito, kuka ya ƙaru. A bayan katanga Shatu na tsaye ta jingina goshi da bango, ƙirjinta ya cika yana mata zafi, tana jin kukan, ita ma tana nata. Sau biyu ta ɗauki mayafi, sau biyu ta ajiye.

Ikilima ta shiga ɗaki ta zauna, ta jingina da bango, ta kwantar da yarinyar a kan fatar ƙirjinta. Ba ta yi sauri ba, domin ba inda za ta. Tana shafa bayanta tana kiran sunanta a hankali. Kukan ya koma shessheƙa. Bahijja ta lalubo da kanta, ta kama. Wannan karon ba ta saki ba sai da ta yi barci, madara a gefen bakinta.

Hajja Kaka ta fita tsakar gida, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga, ta ce, "Shatu, ta sha."

Kafin tsohuwar ta koma Gwiwa sai da ta tara mazan gidajen biyu a zaure. Ta ce, "Ku riƙe wannan, ku gaya wa 'ya'yanku. Bahijja ta sha nonon Shatu ta ƙoshi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Shatu uwarta ce a addini. 'Ya'yan Shatu 'yan'uwanta ne, babu aure a tsakaninsu har abada."

Ranar da Ikilima ta cika arba'in ɗinta ta biyu, matan huɗu suka dawo mata da kasko da turmi. Ba mai saye ko ɗaya da ya ɓace. A gabansu ta durƙusa ta nemi gafarar Shatu a kan maganar bayan shanu. Shatu ta kama ta ta ɗaga, ta ce ita ta daɗe da mantawa.

Har yanzu Ikilima na sana'arta. Sai dai da an kira azahar take kashe wuta, ko me ya rage, ranar Juma'a kuwa ba ta hurawa sam. Rabin aikin Babura ta bar wa Shatu.

Bahijja yanzu shekararta huɗu, lafiyayya, mai surutu. Tsakanin gidajen biyu ta taso. Amma akwai abu ɗaya. Idan ta faɗi ta ƙuje gwiwa, ko wani abu ya ba ta tsoro, ba ɗakin uwarta take fara nufa ba. Da gudu take fita tana kiran Inna Shatu. Sai an rarrashe ta a can sannan ta dawo gida.

Wata baƙuwa ta taɓa ganin haka ta ce wa Ikilima, "Ke ba ya miki ciwo?"

Ikilima ta bi yarinyar da kallo har ta shige ɗaya gidan. Ta ce, "Yana yi mana. Amma ba zan hana ta ba. Ranar da ta fara neman wanda zai amsa kukanta a duniya, ni ina wajen gyaɗa."

Darasi: Jikinka amana ne, kuma ba kai kaɗai ke rayuwa da shi ba, akwai waɗanda ke jingine da lafiyarka. Hutu ba lalaci ba ne, karɓar taimako ba gazawa ba ce. Aikin da kake ganin in ba kai ba zai tsaya, za a yi shi ko ba ka nan, amma akwai wurin da in ka bari babu mai cike maka shi kamar kai. Ka tsaya da kanka tun kafin jiki ya tsayar da kai. Maza kuma, ku tsaya wa masu jego su yi jegonsu cikakke. Duk wanda ya karanta, ya tura wa wata Ikilimar da ya sani, wataƙila yau ta sauke kasko ta ɗan kwanta.